Nan Ɗin Lauwali

In ka je Garin Kyari, wani ɗan ƙauye a ƙasar Roni da ke maƙale a gindin Dutsen Mikiya, ka ji an ce da mutum, "Kai dai aikin nan naka nan ɗin Lauwali ne," to ana nufin abin da ake ta cewa ya kusa alhali ko rabi ba a ci ba. Mai sunan yana nan da ransa. Dogo ne siriri, shekarunsa sun haura sittin, kuma har yau in aka yi maganar a gabansa sai ya sunkuyar da kai ya gyara malafa. Ba ya jin daɗinta, amma bai taɓa musa cewa shi ya jawo wa kansa ba.

A bayan shanu Lauwali ya tashi. Kowace damina, da zarar gonaki sun rufe ƙasa, mahaifinsa kan kwashe ruga ya hau da ita wani shimfiɗaɗɗen fili da ke saman dutsen, su zauna har a girbe gero. Tun yana ɗan shekara bakwai ya san inda ruwa ke kwana a kwarmin dutse, da inda rema ke shan hantsi, da hanyar da saniya mai ciki za ta bi ba ta zame ba. Ya girma, ya auri Fatu, Allah ya ba su 'ya'ya mata uku da namiji ɗaya, Zaharadeen. Akwai shekarar da garkensa ya kai saniya sittin. Daga nan abu ya fara zubewa: ciwon huhu ya ɗebi kashi guda, burtali ya yi ta tsukewa har ya zama in za ka wuce da dabba sai ka roƙi arziki. Saniyar ƙarshe a jinyar Fatu ta tafi, Fatun kuma ba ta tashi ba. Lauwali ya sauko da sandarsa da goransa, ya gina ɗaki guda a bayan gidan Baba Kura.

Shi Baba Kura Babarbare ne, jikan Kyarin da ya sari garin. Ƙato ne mai tumbi, yana da ɗan kanti a jikin zaurensa inda yake sayar da gishiri da kanwa da sabulu. Shekara arba'in suna tsokanar juna irin wasan Fulani da Barebari. In Lauwali ya zo wucewa sai Baba Kura ya ce, "Ga bawana ya fito, zo ka share mini ƙofar gida." Lauwali ya ce, "Bari in ga ka tashi tsaye ba ka dafa bango ba tukuna, sannan mu san waye bawan wani." Duk da haka akushi ɗaya suke ci.

Shekara uku Lauwali yana zaune ba aikin fari ba na baƙi, yana tufka igiyar da ba shi da abin ɗaurewa da ita. Sai ga wani sabon yayi. Samari da 'yan mata daga Kano da Katsina suka fara zuwa ran Asabar, da jakunkuna a baya da takalma masu nauyi, wai sun zo hawan dutse. Mutanen gari suka yi ta kallon ikon Allah: mutum da ƙoshinsa, ba akuyarsa ce ta ɓata ba, ya bar inuwa ya zo ya hau dutse don ya ɗauki hoto ya sauko! To, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Baƙin nan a ƙofar Baba Kura suke ajiye motoci, a zaurensa suke salla su huta, matarsa Mairam ta yi musu dambu da fura. Daga nan suke fita, yau wannan dutse, wani makon wancan. Abin da ya rage shi ne mai nuna hanya, kuma duk garin ba wanda ya kama ƙafar Lauwali.

Sai ga mutum ya farfaɗo. Ya wanke malafa, ya sayi sabon takalmin roba. In yana gaba baƙi na biye, yana nuna musu wannan marke ne, waccan kanya ce, ga sawun dila, sai ka ji muryarsa ta dawo irin ta lokacin da yake kiran shanu da sunayensu. Bai ɓoye ba, ya ce da Baba Kura tun rasuwar Fatu bai ji yana da amfani a duniya ba sai yanzu.

Amma akwai abin da baƙi ba su sani ba. Mutumin da ya sha kora shanu a ƙasa tun daga nan har kudancin Kaduna, tafiyar hantsi zuwa azahar ba tafiya ba ce a wajensa. Bayan haka, da tarbiyyar da aka yi masa: ba a ce wa matafiyi "da nisa", karya masa gwiwa ne, kuma namiji ba ya ambaton gajiya ko ƙishi a gaban mutane. Fulako kenan. Saboda haka duk wanda ya tambaye shi saura nawa, sai ya turo leɓe ya nuna sama ya ce, "Nan ne." Shi a ransa kyautatawa yake yi.

Samari sukan yi dariya su cije su isa. Ranar da abin ya ɓaci, wani magidanci ne a cikin tawagar, Alhaji Muhammadu Lawal, ma'aikacin ofis daga Kano, mai jiki, ga ciwon sukari da bai gaya wa kowa ba. Ba su ci sulusin hanya ba ya tsaya yana haki.

"Malam Lauwali, da saura?"

"Nan ne, Alhaji."

Jin haka Alhaji ya ɗaga robar ruwansa ya shanye rabi, ya zuba sauran a ka. Ai an kusa. Aka ƙara tafiya mai tsawo, rana ta take, ya sake tambaya, aka sake ce masa nan ne. A karo na uku bai ƙarasa tambayar ba ya sulale a kan falalen dutse. Da ƙyar mutum shida suka sauko da shi a cikin bargo, aka zarce da shi asibiti a Kazaure. Allah ya yi da sauran kwana, ya tashi. Amma abokan tafiyarsa sun watsa labarin a waya, aka yi mako biyar ba motar da ta tsaya a ƙofar Baba Kura.

Mai unguwa Haladu ya aika aka kira Lauwali. Bai yi masa faɗa ba, wanda da ya yi ma da ya fi sauƙi. Cewa ya yi, "Lauwali, da mutumin nan ya mutu a kan dutsenmu, da me za mu gaya wa iyalinsa? Daga yau in baƙi sun dawo, wani ya kai su. Kai ka huta."

"Ranka ya daɗe, ban yi da mugunta ba."

"Na sani. Amma ƙarya ce ko ba ƙarya ba?"

A duk rayuwar Lauwali ba a taɓa jingina masa wannan kalma ba, ta kuwa soke shi har zuci.

Kwana biyu tsakani Zaharadeen ya zo a kan babur. Shi a Kazaure yake gyaran keke napep, yana da mata, Khadijat, da 'ya'ya uku. Ya durƙusa ya gaida mahaifinsa, ya daɗe yana wasa da makulli kafin ya yi magana.

"Baffa, zaman nan ya isa haka. Ba shanu, ba Inna, yanzu kuma ga abin da ya faru. Na gyara maka ɗakin zaure. In an gama yankan gero zan zo da mota in kwashe kayanka."

Yaro ne mai biyayya, kuma gaskiya ya faɗa. Lauwali ya san in ya ƙi ba dalili, ya tozarta ɗansa a idon duniya, a ce ya bar ubansa a bayan gidan wani. Ya kuma san abin da ke jiransa a birni: tabarma a ƙofar gida, da rediyo, da kallon masu wucewa har ranar da za a ɗauke shi. Ya ce, "To, Allah ya kai mu." Bayan tafiyar yaron ya zauna ya ƙura wa dutsen ido har aka kira la'asar. Saura mako shida a gama yankan gero.

Washegari da sassafe ya tsaya a kan Baba Kura yana shan koko.

"Tashi, za ka hau dutse."

Baba Kura ya ajiye ludayi. "Bafillace, haukan ne ya motsa?"

"Ƙafata ce ta cuce ni, ba ta san nisa ba. Ina neman wadda ta sani. Duk garin nan ba wanda ya kai ka nauyin jiki da raki. Duk inda ka zauna, nan baƙo zai zauna."

"Wato ni ne mudun awonka."

"Kai ne. In ka ƙi, ni in tafi Kazaure, kai kuma ka nemi wanda za ka riƙa zagi."

Baba Kura ya yi ta mita, ya ce shekara talatin rabonsa da hawa ko da tudun tururuwa, ya ce in ya mutu a can Lauwali ne zai auna wa Mairam hatsi. Yana mitar yana neman takalminsa.

Hawan farko abin tausayi ne da ban dariya. Ba su wuce gonar ƙarshe ba Baba Kura ya zube a gindin wata aduwa yana salati. Lauwali, wanda ko numfashinsa bai sauya ba, ya tsaya yana kallonsa da mamaki na gaskiya. Ashe nan ma wuri ne da mutum zai gaji! Sai ya tattara duwatsu ya ɗora su a kan juna, ya shafa wa na sama farar ƙasa. Haka suka yi ta yi: Baba Kura ya zauna, Lauwali ya tara duwatsu, ya kuma lura da yawan ruwan da ƙaton ya sha. Ran farko a zama na huɗu suka juyo. Bayan fita ta biyu Baba Kura ya kwana biyu yana jinyar cinyoyi, Mairam na gasa masa da ruwan zafi tana yi wa Lauwali Allah ya isa ta bayan danga. Sai a fita ta biyar suka taka saman dutsen, bayan zama goma sha ɗaya. Baba Kura ya kwanta rigingine yana kallon sama ya ce, "Lauwali, kai da ka ce wa bawan Allah nan ne, wallahi ka cancanci ɗauri."

Inda hutu ya faɗo a rana, Lauwali ya matsar da shi zuwa inuwa mafi kusa. Inda hanyar shanu ta miƙe tsaye, ya nemo wata mai kewaye, ya sare ƙaya, ya jera duwatsu wurin taka ƙafa. Tafin hannunsa ya fashe, bai fasa ba. Sai kuma wata matsala ta ɓullo: mudun ya fara lalacewa. Zuwa mako na huɗu Baba Kura ya saba, tumbin ya ɗan saki, yana wuce hutu na uku ba ya ko kallonsa, har yana cewa a rage lissafin zuwa bakwai. Lauwali ya ƙi. Ya ce baƙo kullum ran farko yake zuwa, don haka Baba Kuran ran farko shi ne ma'auni.

Abin da ya fi sarar ƙaya wuya shi ne bakinsa. Baba Kura kan tsaya a tsakiyar hanya ya kwaikwayi muryar 'yan birni: "Malam, da saura?" Sai ka ga leɓen Lauwali ya fara turowa da kansa. Baba Kura ya ɗaga sanda. Lauwali ya haɗiye, ya kau da kai, ya ce can ƙasa-ƙasa, "Da saura." Ji yake kamar ya tuɓe riga a kasuwa. Ya ce da abokinsa in mahaifinsa na jin sa daga kabari zai ce ya haifi rago. Baba Kura ya ce, "Mahaifinka shanu ya kora, kai mutane kake korawa. Saniya ba ta tambaya."

Da suka je wajen mai unguwa, Baba Kura ne ya yi bayani, ya buga tumbinsa ya ce, "Ranka ya daɗe, in wannan ya hau ya sauko da ƙafarsa, waye ba zai hau ba?" Mai unguwa Haladu ya yi murmushi, ya ce akwai wasu malaman makaranta da suka yi waya za su zo ran Asabar. Ya ce Lauwali ya kai su. In aka dawo da ko mutum ɗaya a hannu, ko aka kawo ƙara, magana ta ƙare.

Asabar ɗin kuwa ita ce wadda Zaharadeen ya sa zai zo kwasar kayan mahaifinsa. Da hantsi motar malamai ta tsaya, mutum tara, kafin su gama gaisawa sai ga a-kori-kura ta shigo da Zaharadeen a gaba. Ya ga mahaifinsa da malafa da sanda a tsakiyar baƙi, fuskarsa ta sauya.

"Baffa, na ɗauko mota."

"Na gani. Ka ce wa direba ya shiga zaure ya sha fura. Kai kuma ka biyo mu. In mun sauko ka ce in hau motar, zan hau, ba zan yi maka gardama ba."

Zaharadeen bai so ba, amma ba ya musu da uba a gaban mutane. Ya karɓi robar ruwa ya bi baya.

Kafin a ɗaga ƙafa Lauwali ya tsayar da kowa. Ya ce hutu goma sha ɗaya ne, uku na ƙarshe masu wuya. Ya ce kada kowa ya sha fiye da rabin ruwansa kafin hutu na bakwai, kuma mai wata lalura ya faɗa tun yanzu, ba abin kunya ba ne. Wata dattijuwa a cikinsu, Malama Zubaida, wadda ta kusa ajiye aiki, ta ce tana da hawan jini da ciwon gwiwa. Lauwali ya sa ta a gaba, kusa da shi, ya ce da tafiyarta kowa zai yi tafiya.

A kowane tarin duwatsu sai ya zauna, shi da bai gaji ba, don kada wani ya ji nauyin zama. Samarin cikinsu suka so wucewa, ya hana. A hutu na shida, gindin wata kanya, Malama Zubaida ta jingina da dutse, gumi ya jiƙa mata hijabi. Ta dube shi.

"Baba, don Allah gaya mini gaskiya. Mun kusa?"

Zaharadeen, wanda ya san amsar da ya ji duk ƙuruciyarsa, ya ɗago kai. Lauwali ya dubi matar a ido.

"Ba mu kusa ba, Hajiya. Da nisa. Abin da ya rage ya fi wanda muka yi wuya. In kin tsaya nan ba ki yi asara ba, ana ganin rabin ƙasar daga nan, kuma zan bar miki mutum. In kuma za ki ci gaba, zan ƙara miki hutu biyu a kan na kowa."

Ta dubi gwiwoyinta, sannan ta rufe robar ruwan da ta buɗe ba ta sha ba. "Mu je. Sannu ba ta hana zuwa."

Ana kiran azahar a ƙauyukan ƙasa suka fito fili na sama, su goma sha ɗaya, kowa da ƙafarsa. Ƙarshen damina ne, gari ya yi garau. Ga gonakin dawa da gyaɗa shimfiɗe har iyakar gani, ga sauran duwatsu jere, ga rufin kwanon Garin Kyari yana ƙyalli can ƙasa. Malama Zubaida ta zauna ta yi ta hawaye tana hamdala. Malaman suka kewaye Lauwali da tambayoyi, wane gari ne wancan, wane itace ne wannan, wani har yana rubutawa. Zaharadeen na gefe yana haki, shi da aka haifa a wurin, yana kallon yadda masu digiri suka yi tsit suna sauraron mahaifinsa.

Da aka yi salla Lauwali ya yafito shi, suka ɗan taka zuwa wani wuri da ciyawa ta fi duhu. Ya nuna da sanda.

"Nan bukkarmu take. A gindin wancan dutsen aka binne cibiyarka, ni na haƙa ramin. Ban kawo ka don in ɗaure ka da magana ba. Na ga dai ya kamata ka sani."

Daga nan aka kama hanyar sauka.

La'asar sakaliya suka iso gari. Mai unguwa na zaune a ƙofar Baba Kura, ya ƙirga mutane da ido, ya ji abin da Malama Zubaida ta faɗa, ya gyaɗa kai ya tashi. Baƙi suka ci dambu suka tafi. Saura a-kori-kura, direba ya gaji da jira yana ta duba waya. Lauwali ya jingine sandarsa, ya tsaya a gaban ɗansa.

"To, ga ni. Me ka ce?"

Zaharadeen ya durƙusa.

"Baffa, ka zauna. Na ga abin da na gani. Sai dai Khadijat tun jiya take girki. Yara kuma sun ƙi zuwa islamiyya, suna ƙofar gida, na ce musu yau kakansu zai dawo wurinmu gaba ɗaya."

Lauwali ya samu abin da ya yi mako shida yana fasa hannu a kansa, amma daɗin bai zo shi kaɗai ba. Tausayin ɗansa ya kama shi, da na yaran da ke tsaye a bakin titi, har ya kasa haɗa ido da kowa. Ya san shi ya zaɓa, kuma ko an sake tambayarsa haka zai zaɓa. Ya dafa kan Zaharadeen ya ce Allah ya yi masa albarka, ya ce ran Talata zai zo ya kwana biyu, su yi haƙuri da shi.

Motar ta juya ba komai a bayanta. Ya tsaya a wurin har ta sha kwanar gonar mai unguwa, sannan ya sa gefen rawaninsa ya goge ido, bai damu da wanda ke kallo ba.